Tambayar da Ban Yi wa Goni Modu Ba

Kwanan baya na wuce wani shago a nan Dubeli, na ga an rubuta da jan fenti wai ana gyaran baya cikin minti goma. Na leƙa. Wani saurayi da ko gemu bai gama fito masa ba ya kifar da dattijo a kan benci, ya dafa gwiwa a ƙugunsa, ya kama kafaɗa ya murɗe. Ƙashi ya ce ƙas, abokan saurayin suka hau tafi. Na tambaye shi a ina ya koyi aikin, ya ɗaga mini wayarsa. Wato a waya ya koya. Shi ya sa na ce bari in zauna in ba ku labarin nan, ku da kuke ganin ɗori da gyaran baya abu ne da ake koya tsakanin azahar da la'asar.

Sunana Sani, amma a Jimeta in ba ka ce Sani Maɗori ba, babu mai nuna maka ƙofar gidana. Kakana daga Kano ya zo da fatauci, ciniki ya ƙi, sai ya koma sana'ar gidansu ta ɗora karaya. Shi ya koya wa babana, babana ya koya mini. Shekara bakwai na yi ina fere gora, ina yaga tsumma, ina dafa ruwa, ina narka man kaɗanya, kafin a bar ni in taɓa jikin ɗan Adam. A ƙafar akuya na fara. Akuyar farko da na ɗora ta warke, amma har aka yanka ta tana tafiya kamar mai neman faɗa, kuma babana bai daina yi mini tsiya da ita ba har ya bar duniya.

Mutum na farko da aka ba ni wani ɗan dako ne da buhun masara ya faɗo masa a hannu. Na durƙusa na hau tambayarsa, ina ne ke ciwo, yaushe ya fara, yaya yake ji. Babana ya make mini ƙeya a gaban mutane.

“Kai alƙali ne?” in ji shi. “Baki yana ƙarya, ƙashi ba ya yi. Sa hannu ka ji.”

Na sa hannu, na kuwa ji inda ƙashin ya rabu. Tun daga ranar na riƙe cewa maɗori da yatsu yake tambaya. Abu na biyu da ya cusa mini shi ne ladabi: babba in ya kwanta a gabanka, daga cibiya zuwa gwiwa ba ka gani, ba ka tambaya. In aiki ya kai ka wurin, ta saman wando za ka yi, idonka a bango. Waɗannan abubuwa biyu sun ciyar da ni shekara da shekaru, kuma su suka kai ni suka baro.

Karaya ita ce gadonmu, amma masu ciwon baya sun fi yawa a tabarmata. 'Yan dako na kasuwa, masu tura kurar ruwa, direbobin manyan motoci, teloli, har ma'aikatan sakatariya da suke yini a kujera. Mutum zai shigo a karkace, hannu a ƙugu, ya ce ya sunkuya ne kawai ya ɗauki buta sai ya ji abu ya tsinke, yanzu zafi yana bi ta ɗuwawu ya gangara bayan cinya har yatsa. Mu abin da muke cewa shi ne jijiya ta hau. Sai a gasa da tawul da ruwan zafi, a shafa mai, a mirgina taɓarya a hankali daga kafaɗa zuwa ƙugu, a ce ya je ya kwanta a tabarma kada ya motsa. Yawancinsu bayan sati huɗu ko shida sai su dawo a miƙe suna sa mini albarka, wani da kaza, wani da yadi. Ni kuwa in karɓa ina ƙasaita. Sai daga baya na san cewa ko da taɓaryata ko babu, akasarinsu za su warke.

Sai shekarar gudun hijira ta zo. Ku da kuke yara lokacin ba za ku tuna yadda garin nan ya cika ba. Mutanen Mubi, na Michika, na Madagali, har da na Borno da suka biyo ta duwatsu, kowane gida sai da ya sauki baƙi. A zaurena kaɗai na ga abin da ban gani ba a duk rayuwata: ƙafa da ta kumbura har ta tsage, wuyan hannu da ya karye sati uku aka ɗaure da ɗankwali, tsohuwa da ta diro daga bayan mota ƙugunta ya goce. Gorar da nake ferewa ta wata guda, a kwana huɗu take ƙarewa. Ina aiki kamar inji, kuma wanda yake aiki haka ba ya tsayawa ya saurara.

A cikin wannan hali wani mutum mai suna Abba Gana ya zo da keke ya ce in taimaka in bi shi Malkohi, inda aka sauke 'yan gudun hijira, surukinsa ba ya iya tashi. Surukin nan shi ne Goni Modu, uban matarsa. Dattijo ne dogo siriri daga wajen Bama, mahaddacin Alƙur'ani, limamin garinsu tun kafin a haifi Abba Gana. Da aka watse, mutane sun ɗauko hatsi da tukunya, shi kuwa buhun littattafansa ya ɗauka a ka, ya yi kwanaki yana tafiya da shi. A wani kwari ya sauke ya huta, da ya sunkuya zai sake ɗauka sai ya ji kamar an soka masa mashi a ƙugu. Haka ya ƙarasa, yana jan ƙafar hagu.

Na same shi a kwance a rigingine cikin ɗakin tamfol, carbi a hannu. Mutanen garinsu sun kafa rumfar zana a gefe suna salla, amma tun da suka zo wani ɗalibinsa ne yake jan su, don Goni ba ya iya tsayuwa balle ruku'u.

“Sannu, Allah gafarta Malam,” na ce.

“Wushe, Sani. Kai ne mai gyara ƙashi?” Hausarsa irin ta mutanen Borno ce, komai namiji. “Ni ba na so komai, ruku'u kawai. Mutanena ya rasa gida, ya rasa gona. Liman ma zai rasa?”

Na bi bayansa da yatsu, babu karaya, babu gocewa. Na ce masa jijiya ce ta hau, in Allah ya yarda kafin wata ya mutu zai tsaya a gaban sahu. Da bakina na faɗa, ba wanda ya tilasta ni.

Sau biyu a sati nake zuwa, Litinin da Alhamis. Abba Gana ne yake dafa ruwa ya riƙe kwano, ya durƙusa a gefe kansa a ƙasa, daga farkon gashi har ƙarshe. Ba ya fita, don a ganinsa barin suruki a hannun baƙo rashin ladabi ne. Ni ma ban taɓa cewa ya fita ba, don korar mutum daga gaban surukinsa rashin ladabi ne. Kowa yana ta ladabi, Goni yana kwance a tsakiya.

A sati na uku Goni ya ce zafin ya ragu. “Zafi ya tafi,” in ji shi, “amma ƙafa biyu ya yi nauyi, kamar na wani.” Na ji rabin farko, na watsar da rabin ƙarshe. Na ce ai haka sauƙi yake farawa, na ƙara danna taɓarya. Ranar na lura ɗakin ya turnuƙe da turaren wuta har ido yana yaji, na ce a raina, Barebari da turare, ko a gudun hijira ba sa bari. Na ga wanduna uku a shanye a bayan ɗakin, na ce 'yarsa akwai tsabta.

Ina naɗe tawul zan tafi sai ya kira ni. Ya dubi Abba Gana, ya dubi rufin tamfol, sannan ya ce, “Sani, akwai wani mutum a nan, alwala ba ya zama masa. Ya yi, kafin ya kai wurin salla ya karye, shi bai sani ba. Kuna da magani?”

“Sanyin mara ne, Malam,” na ce. “Ko kuma tsufa ne ya yi masa sallama. A jiƙa masa sassaƙe ya riƙa sha, zan kawo ranar Alhamis.”

Har da 'yar dariyata. Goni ya ce, “To, zan gaya masa.” Abba Gana bai ɗago kai ba. Ranar Alhamis na kawo sassaƙen a ƙulle cikin leda, na miƙa wa Goni na ce a ba mutumin, ya karɓa ya yi godiya.

Gashin Litinin ɗin da ta biyo baya ba zan manta da shi ba. Abba Gana ya sauko da ruwa daga wuta bai sirka ba, ni kuma ina sauri, mutum biyar suna jirana a gida. Na tsoma tawul, ya ƙona mini yatsu har na yarfe hannu, amma na ce bari in gwada, in ya yi zafi ai zai yi magana. Na ɗora a ƙasan ƙugu, ta saman wando kamar yadda aka koya mini, na danna. Goni yana ba ni labarin wata rijiya ta garinsu, ko numfashinsa bai canza ba. Na sake tsomawa na sake ɗorawa, har sau huɗu. Da na koma gida na riƙa ba mutane labari, na ce ban taɓa ganin mai dauriya irin malamin nan ba, ruwan da zai fige kaza ya sha bai ce uffan ba.

Ranar Laraba da hantsi sai ga Abba Gana a ƙofata, ko sallama bai yi daidai ba. Ya ce matarsa ta ce wandon babanta ya manne da jiki, ya ƙi fita. Muka hau keke. Da na isa dole na dubi inda ban taɓa duba ba. Fata ta saluɓe a ɗuwawunsa, wuri ya fi tafin hannuna biyu, ya yi ruwa, yadin ya shige ciki. Gashina ne. Shatar tawul ɗina ce a kwance, har da kusurwarta.

“Malam,” na ce, “ba ka ji ba?”

Ya juyo da kai ya ce, “Mene ne ya faru?”

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Kwana biyu mutum yana kwance a kan ƙuna irin wannan, yana tambayata abin da ya faru. Na taɓa ganin ƙashi ya huda fata ya fito, na taɓa riƙe hannun da mota ta niƙe, ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba. Na rasa abin da yatsuna za su taɓa, don babu abin da za su gaya mini.

Duk Laraba ma'aikatan lafiya suna zuwa sansanin, cikinsu akwai wata mata, Madam Rifkatu, daga sashen gashin ƙashi na asibiti. Ba ma shiri. Ita tana kiranmu masu gora, ni ina cewa 'yan boko ba su iya komai ba sai yanke ƙafa. Ranar na ajiye girman kai na je rumfarsu, na ce ta zo ta duba ƙuna. Ƙuna kawai na ce, don har lokacin ita nake gani.

Ta duba ta ce, “Wane ne ya yi wannan?” Na ce ni ne. Ba ta zage ni ba, da ma ta zaga. Ta dubi Abba Gana ta ce, “Kai mene ne naka da Baba?” Ya ce suruki. “To fita. Je can gindin bishiya, kar ka dawo sai na kira.” Abba Gana ya fita kamar an mare shi. Na yunƙura zan bi shi, ta ce, “Kai zauna. Kai ne likita, ba haka ba?”

Ta cire fil daga ɗankwalinta ta soki tafin ƙafarsa, ya ce ya ji kaɗan. Ta ce ya ɗaga babban yatsa sama, na dama ya motsa da ƙyar, na hagu ya ƙi. Ta soki cikin cinya, sama, wurin da mutum yake zama a kan sirdi. Shiru. Ta sake soka har na ga ɗigon jini, Goni yana jan carbi. Sannan ta durƙusa daidai kunnensa, mace, ba musulma ba, 'yar cikinsa a shekaru, ta yi tambayar da ni namiji ɗan uwansa musulmi na kasa yi.

“Baba, ka yi haƙuri, aiki ne. Fitsari yana fita kai ba ka sani ba?”

Carbin ya tsaya. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

“Yana fita,” in ji Goni.

“Kwana nawa?”

“Yau goma sha biyu.”

“Bayan gida fa?”

Ya rufe ido. Ta juyo ta dube ni ta ce, “Kai ka sani?” Kafin in buɗe baki Goni ya ce, “Na gaya masa. Amma na ce wani mutum ne.”

Babu zargi a muryarsa, kamar ma yana neman ya wanke ni. Ni kuwa sai ga wanduna uku a idona, ga turare, ga ledar sassaƙe da na miƙa masa da hannuna, tana nan a rataye a jikin sandar tamfol ko kwancewa ba a yi ba.

A waje Madam Rifkatu ta ce mini, “Maɗori, wannan ba ciwon tausa ba ne. Abu ya fashe a baya ya danne jijiyoyin da suke riƙe fitsari da ƙafa. Irin wannan ranar da ya fara ake gudu da shi, ba sati biyu ba. Da ka tambaya ranar nan, da wataƙila an ceci abu.” Na ce mene ne ya fashe, ni na bi ƙashin kaf lafiyarsa ƙalau. Ta ce, “Ba ƙashi ba ne. In ka samu lokaci je wurin mahauta, ka ce a sara maka gadon bayan rago, ka duba tsakani.”

Ita ta rubuta takarda, ita ta yi ta buga waya. Hoton da ke nuna jijiya da likitan da ke irin wannan aiki sai an yi tafiya mai nisa, ga hanya cike da shingayen sojoji. 'Yan uwansu Barebari na kasuwa da mutanen masallacin unguwarmu suka haɗa hannu, aka shimfiɗa katifa a bayan mota aka tafi da shi Kano. Duk da haka sai da aka ƙara kwanaki kafin a shiga da shi tiyata.

Ranar da suka tafi na je mahauta. Na sa aka saro mini gadon bayan rago, na zauna a zaure da wuƙa. Shekara talatin da wani abu ina cin wannan nama, ina tsotse ƙashinsa, ban taɓa kula ba. Tsakanin kowane ƙashi da ɗan uwansa akwai wani farin faifai na guringuntsi, kamar gammo tsakanin kai da kaya. Gefensa tauri, zobe a kan zobe, tsakiyarsa kuwa taushi. Na tsaga gefen kaɗan na matse ƙasusuwan biyu, sai abin cikin ya bulluƙo ta baya, daidai ramin da laka da jijiyoyi suke bi. Na zauna ina kallonsa har ƙudaje suka taru. Wato abin da muke cewa jijiya ta hau, ba hawa ta yi ba, danne ta aka yi. Ni kuma sati huɗu ina bin bayan bawan Allah da taɓarya.

Wata shida na yi ina zuwa wurin Madam Rifkatu duk ranar da take da sarari, ina zaune a benci da furfurata tare da yara 'yan makaranta. A can na koyi ka kwantar da mutum a rigingine ka ɗaga ƙafarsa a miƙe, in zafi ya harba daga ɗuwawu ya wuce gwiwa, to faifan ne. Na koyi cewa doguwar kwanciya da muke sa mutane ƙara musu ciwo take, kwana ɗaya ko biyu ya isa, sai a tashi a riƙa 'yar tafiya a tsakar gida, a sha maganin zafi, a guji dogon zama. Na koyi cewa abin da ya bulluƙo yakan motse da kansa a hankali, shi ya sa yawanci suke warkewa ba tare da wuƙa ba. Na koyi nuna wa ɗan dako ya durƙusa da gwiwa ya rungumi buhu kafin ya miƙe, maimakon ya sunkuya ya fizgo. Taɓaryar kuwa na mayar wa matata, ta koma aikinta na daka. Ruwan gashi yanzu sai na gwada a cikin hannuna, kuma ba na ɗora shi a wurin da mai shi ba ya ji.

Amma duk wannan mai sauƙi ne. Abin da ya fi wuya shi ne bakin. Yanzu duk mai ciwon baya da ya shigo, kafin in taɓa shi sai na kori kowa, ɗa ne, mata ce, suruki ne, waje. In rufe ƙofa in tambaya: fitsari yana riƙuwa, ko yana ƙin fita? Bayan gida fa? In ka yi tsarki kana jin ruwan? Ƙafa biyu ce ta yi nauyi, ko tana ƙara mutuwa? In ɗaya ta zama e, ko mai ba na shafa masa, asibiti a ranar. Kuma duk wanda ya ce mini akwai wani mutum, na san mutumin yana gabana.

Kada ku ce tambayar ba ta da tsada. Wani Baffa mai shanu daga cikin Yola, da na tambaye shi, ya miƙe da ciwonsa ya ce, “Kai ba ka da kunya ne? Ubanka bai taɓa tambayata wannan ba.” Ya sa takalmi ya tafi, ya kuma hana duk danginsa zuwa wurina har yau. Wani direban babbar mota kuwa ya ce tun jiya fitsari ya ƙi fita. Na rufe zaure na raka shi asibiti da kaina. An yi masa aiki cikin kwana biyu, yanzu haka yana kan hanyar Gombe da lodin siminti, in ya wuce ƙofata sai ya danna mini oda.

Goni ya dawo daga Kano bayan wata biyu. Ƙafafun sun dawo rabi, yana tafiya da sanda, ta hagu tana ja. Ƙunar da na yi masa ta warke ta bar tabo. Fitsarin ne bai dawo ba. Likita ya ce jijiyar ta daɗe a danne, ta riga ta mutu, aka sa masa roba da leda a ɗaure a cinya ƙarƙashin riga. Mutanensa suka taru suka ce ya ja su salla ko a haka, ai lalura ce, sallarsa ta yi. Ya ce, “Sallana ya yi. Amma mai wannan ciwo ya ja masu lafiya, ba a so. Ni na karantar da ku babin nan, yanzu ni zan taka shi?” Na je na durƙusa na ce ya yafe mini. Ya ce ya yafe tun a mota, ya ce rabin laifin nasa ne. Ban yarda da rabon ba, amma ba a musu da malami.

Bai koma Borno ba. Yana unguwar Yolde Pate yanzu a gidan Abba Gana, yana karantar da manya a zaure. Watan jiya na kai masa ziyara da yamma, magariba ta same mu. Muka taka a hankali zuwa masallacin unguwa, yana dafe da ni. Mutane suna ta buɗa masa hanya ya wuce gaba, ya girgiza kai, ya tsaya a sahun ƙarshe daf da ƙofa, inda takalma suke. Na tsaya a gefensa.

Limamin yaro ne cikin ɗalibansa, muryarsa da daɗi. A raka'a ta biyu ya ɗauko sura, ya kai tsakiya, ya sarƙe. Ya koma baya ya sake tahowa, ya sake tsayawa a wuri guda. Sahun gaba shiru, na biyu shiru. Sai muryar Goni ta taso daga bakin ƙofa, ba da ƙarfi ba, ta miƙa masa ayar, kowane harafi a mazauninsa. Yaron ya karɓa ya ci gaba, aka yi ruku'u. Goni ya sunkuya iya inda bayansa ya yarda.

Da aka sallame mutane suka ɗaga hannu za a yi addu'a. Goni bai jira ba. Ya dafa kafaɗata ya yunƙura, ya matso kusa da kunnena ya ce, “Sani, ba ni sandana, mu fita. Leda ya cika.”